Gundumar Oymyakon ta Rasha: tambayoyi da amsoshi

Ina gundumar take?

Tana gabashin Jamhuriyar Sakha, wato Yakutiya, a Saberiya. Mutanen can "ulus" suke ce wa gunduma. An kafa ta a 1931, faɗinta kuma kusan murabba'in kilomita 92,200 ne. Kogin Indigirka ya ratsa ta, tsaunukan Cerski da Suntar-Hayata suka sa ta a tsakiya. Hedikwatarta garin Ust-Nera ne, ba ƙauyen Oymyakon da ta ci sunansa ba.

Me ya sa sanyinta ya yi suna?

Ƙauyen Oymyakon cikin kwari yake. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, sai ta gangaro daga tsaunuka ta kwanta a kwarin, ba ta da hanyar fita. A Fabrairun 1933 an auna digiri 67.7 ƙasa da sifiri. Da rani kuwa zafi kan haura digiri 30, amma saman ƙasa kaɗai ke narkewa, can ciki a daskare yake shekara da shekaru.

Wannan daskarewar ce ke sa maginin can takatsantsan. Idan aka dasa babban gini kai tsaye a ƙasa, ɗuminsa zai narkar da ƙanƙarar da ke ƙarƙashi, harsashi ya nutse, bango ya tsage. Shi ya sa ake ɗora gini a kan turaku, a bar iska tana wucewa ta ƙasa. Bututun ruwan zafi ma a sarari ake shimfiɗa su, a naɗe da abin tare sanyi. Direban da ya kashe injinsa a waje da tsakar hunturu, ba lallai motar ta sake tashi ba.

Mutum nawa ke zaune a ciki?

Ƙidayar 1989 ta samu mutum 31,078, ta 2002 ta samu 14,670, ta 2010 kuma 10,109, fiye da rabinsu a Ust-Nera. Aikin haƙar zinariya ne ya tara jama'a a zamanin Tarayyar Sobiyat. Da ta rushe, tallafi ya yanke, ma'aikata suka tattara nasu ya nasu suka koma yamma. Waɗanda suka fi zama daram su ne Yakutawa masu kiwon dawaki da shanu, da ƙabilar Eben masu kiwon barewar ƙanƙara.

Yaya ake tafiyar da mulkinta?

Dokar tarayya mai lamba 131 ta 2003 ta raba shi hawa biyu. A sama akwai shugaban gunduma da majalisar wakilai, su ke da alhakin makarantu da hanyoyin da suka haɗa garuruwa. A ƙasa akwai garuruwa biyu, Ust-Nera da Artik, da yankunan karkara biyar da ake kira "nasleg", kowanne da shugabansa.

Da zinariya a ƙasarta, ai tana da kuɗi?

Ba haka abin yake ba, kuma nan ne gizo ke saƙa. Harajin haƙar ma'adinai asusun tarayya da na jamhuriya yake shiga. Abin da ke rage wa ƙananan hukumomi galibi wani kaso ne na harajin albashi, da harajin fili da na gidaje, sai tallafin da Yakutsk, babban birnin jamhuriyar, ke turowa. Gawayin ɗumama gidaje da man fetur kuwa a manyan motoci ake kawo su ta babban titin da ake kira Kolima, kuma dole su iso kafin tanadin ɗakin da ake hura wutar dafa ruwan ɗumama gidajen gari ya ƙare, domin idan wutar ta mutu, ruwa na daskarewa ya fasa bututu cikin 'yan sa'o'i.