Brebe: mai ƙera abu ko mai riga kai takarda, wa doka ta sani?

Ɗan yayata mai walda ne a nan Tahoua. Bara ya haɗa wani ɗan mashin na yanka albasa don masu shanya, da injin tsohon babur da wasu wuƙaƙe da ya jera da dabararsa, abin dai ya yi kyau wallahi. Murna ta sa ya ɗauki bidiyo ciki da waje, har murfi ya buɗe ya nuna yadda wuƙaƙen ke juyawa, ya sa a TikTok da WhatsApp. Ba a rufa wata uku ba sai ga irinsa sak a atilyen wani. Ya zo mini da dare ransa a ɓace, "Kawu, kai da ka yi boko, ina za ni in kai ƙara, an sace mini fasaha." Na ce zauna tukuna ɗana, kafin ka sa bidiyon nan ka kai takarda? Ya ce takardar mi?

To takardar da nake nufi ita ce ta mallakar ƙirƙira, wadda ƴan biro ke kira brebe da Faransanci. A gaskiya ciniki ne tsakaninka da hukuma. Kai za ka tona asirin abin da ka ƙirƙira, ka rubuta shi dalla-dalla da zane ta yadda duk wani gwani a sana'ar in ya karanta zai iya haɗa shi, ita kuma hukuma ta ba ka shekara 20 daga ranar da ka ajiye dosiye, ba mai ƙera abin ko ya sayar ko ya shigo da shi ƙasa sai da izininka. Shekara 20 na cika shi ke nan ya zama na kowa. Kuma kowace shekara akwai kuɗin da za ka biya don takardar ta ci gaba da rai, in ka daina biya ta mutu tun kafin lokacinta.

Mutane da yawa ba su san cewa ba a Yamai ake buga hatimin ba. Nijar tana cikin wata ƙungiyar kare mallakar fasaha mai suna OAPI mai hedkwata a Yawunde ta Kamaru, ƙasashe 17 ne, kuma dokarsu ɗaya, Yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977, an yi mata gyara a 1999, aka sake wani gyaran a Bamako a Disamba 2015. A Yamai akwai hukumar AN2PI, ita ce ƙofar shiga, nan kake kai dosiye su tura. Daɗin abin, takarda guda ta ishe ka a Nijar, Mali, Burkina, Benin, Cadi, Senegal, Kodebuwa da sauransu. Amma fa ga inda gizo ke saƙa, Najeriya ba ta ciki, tana da tata dokar daban. Wato in kana da brebe na OAPI, wani ya tsallaka daga Konni zuwa Illela ya buɗe atilye yana ƙera kayanka yana sayarwa Sakkwato da Kano, ba abin da za ka yi masa da wannan takardar, sai dai in ya shigo da kayan wannan gefen. Mu kuma duk mun san ina babbar kasuwar take. Doka ta ba ka wata 12 daga ranar ajiyarka ta farko ka je wata ƙasa ka ajiye, a lissafa maka da ranar farkon, don haka mai son kasuwar Najeriya kada ya yi barci.

Sharuɗɗa uku ne. Abin ya zama sabo, ya zama da dabarar da ba kowane ma'aikaci a fannin zai hango ta da sauƙi ba, kuma ya zama ana iya ƙera shi ko a yi aiki da shi a masana'anta ko gona. Na farkon nan shi ya kashe ɗan yayata. "Sabo" a wajensu ba wai sabo a Tahoua ba, sabo a duniya gaba ɗaya, kuma duk abin da jama'a suka riga suka gani ko suka karanta ko suka ji bayaninsa kafin ranar ajiya ya daina zama sabo, ko da kai da kanka ka nuna. Da hannunsa ya tona kansa. Akwai ɗan sassauci na wata 12, amma ƙofa ce ƙarama, sai in wani ne ya ci amanarka ya fallasa, ko kuma ka nuna abin a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. TikTok ba ya cikin wannan, haka ma kai mashin kasuwa ranar Lahadi kowa ya leƙa. Sannan in ku biyu kuka ƙirƙiri abu ɗaya kowa da kansa, wanda ya riga ajiye dosiye shi ne mai shi, ko da kai ka riga shi kunna wutar walda da shekara biyu.

Ga masu ƙarfe irin su ɗan nawa, akwai ƙanen brebe da ya fi dacewa da su, ana ce masa model dutilite. Na kayan aiki ne da aka yi wa sabon fasali ko sabon haɗi mai amfani, irin su garma, injin sussuka, murhu mai tsimin itace, famfo. Shekara 10 yake yi, sharaɗinsa bai kai na babban tsanani ba, kuɗinsa ma bai kai ba. A ganina rabin abin da samarinmu ke haɗawa a atilye nan ne gidansa, sai dai ba wanda ya taɓa gaya musu.

Wajen magani kuwa nan ne maganar ta yi kauri. Hanyar yi wa mutum aiki ko hanyar jinya ko ta gano cuta ba a ba ta brebe, likita ba zai ce ni na gano yadda ake wannan tiyata saboda haka duk mai yi sai ya biya ni ba. Amma ƙwayar magani, allura, na'urar awo, duk waɗannan ana ba su. Kuma abin ya taɓa cin rayuka. Wajen shekarar 2000 maganin rage kaifin sida na mutum ɗaya a shekara ya haura dala dubu 10 na Amurka, sai a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da haɗin ƙwayoyi uku a dala 350, saboda a lokacin dokar Indiya ba ta ba da brebe a kan ƙwayar kanta. A Nuwamba na shekarar ne aka yi sanarwar Doha a taron ƙungiyar ciniki ta duniya, wadda ta ce dokar mallakar fasaha ba za ta hana ƙasa kare lafiyar mutanenta ba. Yanzu ƙasashe mafi ƙarancin arziki, Nijar na ciki, an ɗage musu tilascin kare brebe na magunguna har 1 ga Janairu 2033, kuma gyaran Bamako ya shigar da wannan cikin Yarjejeniyar Bangi. Bayan haka gwamnati na iya ba wani izinin ƙera abu ko mai shi bai so ba in lafiyar jama'a ta buƙaci haka, a biya shi wani abu. Haka in ka karɓi brebe ka zauna a kai ba ka ƙerawa ba ka bari a ƙera, bayan shekara 3 da ba ka ko 4 da ajiyarka, wani na iya zuwa kotu ya nemi a ba shi izinin dole.

Nan zan ɗan ratse, don ana rikita abu biyu. Jenerik da ake sayarwa a farmasi magani ne na gaske, sinadarinsa ɗaya da na asali, brebe ne kawai ya ƙare ko bai shafi ƙasar ba. Shi kuwa wanda ake yawo da shi kan tire cikin rana ba a san inda ya fito ba, wannan matsala ce daban, ba ruwanta da brebe.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Plumpy'Nut, ƙullin gyaɗar nan na cikin leda da ake ba yara masu tamowa. Wani likita Bafaranshe, André Briend, da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka haɗa shi a 1996, aka yi masa brebe. A yunwar 2005 a nan Nijar ne duniya ta ga aikinsa, uwa ta karɓa ta koma gida ta ba ɗanta ba sai an kwantar da shi ba. Gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da bitamin, ba wanda bai san su ba, abin da aka kare shi ne haɗin da yadda ba ya buƙatar ruwa ba ya lalacewa da wuri. An yi ta cacar baki a kai, wasu na cewa ya za a yi a rufe abincin ceton rai da takarda, kamfanin na cewa ai takardar ce ta ba shi damar ba masana'antun Afirka lasisi maimakon manyan kamfanoni su cinye kasuwar, kuma lalle kamfanin STA na Yamai ya ƙera shi da lasisinsu. Ni dai kowane ɓangare na ga inda yake da gaskiya, amma na fi karkata ga na farko.

Masu maganin gargajiya su ma suna yawan tambaya. Malam, sassaƙen da kakanka ya sani kuma duk ƙauye sun sani ba sabo ba ne, ba za a ba ka ba, kuma bai kamata a ba wani Bature ba. An gwada ai. A Turai an ba wani kamfanin Amurka brebe a kan maganin cutar fumfuna ta shuka daga dogon yaro, bedin nan da ke ƙofar kowane gida, Indiyawa suka kawo shaida cewa manomansu sun daɗe suna yi, aka soke shi a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Haka na kurkum mai warkar da rauni, Amurka ta soke shi a 1997. Abin da ya cece su rubutu ne da shaida, mu kuma namu duk a ka yake. In dai ka fitar da wani sinadari daga itacen ta sabuwar hanya, ko ka yi haɗin da ba a taɓa yi ba, to wannan ana iya dubawa.

Irin shuka ma ba a ba shi brebe, yana da tasa takardar daban. Albasar Galmi da kilishin Nijar kuwa wata kariya ce OAPI ta ba su, ta sunan wuri, wato ba mai liƙa sunan Galmi a buhun albasar da ba ta yankin ba. Wannan na jama'ar wurin ne, ba na mutum ɗaya ba.

Sai ƴan kwamfuta, masu haɗa manhaja a Yamai. Manhaja zalla ba ta samun brebe a OAPI, dokar haƙƙin marubuci ce ke kare ta kamar littafi ko waƙa, nan kuma BNDA, ofishin haƙƙin marubuta da mawaƙa na Nijar, ita ce hukumarku. Wannan kariya tana hana a kwafe rubutun da ka yi, amma ba ta hana wani ya ga dabarar ya zauna ya rubuta nasa. A Amurka sun fi sakin hannu, har Amazon ta taɓa samun brebe a 1999 a kan sayayya da dannawa sau ɗaya, ya ƙare a 2017. A nan sai in manhajar tana cikin wata na'ura tana warware matsala ta zahiri. Ku dubi aikin Abdou Maman Kané na ban ruwa daga nesa, manomi ya kira lamba da wayarsa famfo ya tashi a gona, nan akwai famfo, akwai sola, akwai akwatin da ke karɓar umarni, irin wannan haɗin ne doka ke kallo a matsayin ƙirƙira.

Wani abu kuma, OAPI ba ta da ƴan sanda. In an kwaikwaye ka kai za ka tashi ka nemi lauya, a sa wisiye, wato jami'in da ke zartar da umarnin kotu, ya je ya ƙirga kayan ko ya kama su da izinin alƙali, a shiga kotu a nan gida, da kuɗinka. Shi ya sa ba kowane abu ne ya cancanci wahalar ba. In abinka irin wanda ba a gane sirrinsa da ido ne, kamar haɗin yajin kilishi ko turaren wuta, rufe bakinka ya fi maka takarda, Coca-Cola ma haka ta yi fiye da shekara ɗari. Mashin kuwa da zarar ka sayar da guda ɗaya, mai sukurdireba ya gama karanta shi.

Ɗan nawa ya yi shiru, can ya ce to Kawu yanzu shi ke nan? Na ce wancan kam ya tafi, sai dai ka fi mutumin iya aiki da sauƙin farashi. Sai ya matso ya rage murya ya ce ai akwai wani gyara da yake yi wa wajen da albasar ke fita, ba wanda ya gani tukuna ko yaransa na atilye. Na karɓe wayarsa na ajiye gefe, na miƙa masa takarda da biro na ce zana mini shi nan, ranar Litinin in Allah ya kai mu za mu kama motar Yamai.