Jigo Ba Shi Ne Taƙaitaccen Labari Ba

Ɗalibai da yawa a makarantun Kano, musamman masu shirin zana WAEC da NECO, in aka ce su kawo jigon littafi sai su shiga zayyano labarin: wance ta haɗu da wane, iyaye suka hana, aka yi ta rikici. Wannan kuskure ya daɗe, kuma yana cinye musu maki ba gaira ba dalili.

Jerin abubuwan da suka faru, da yadda marubuci ya ƙulla su ya warware su, shi ne zubi da tsari. Jigo kuwa saƙon da labarin ke ɗauke da shi ne, kuma sau da yawa jimla ɗaya ta isa a faɗe shi.

A ce labarin wata yarinya ce a Fagge, aka cire ta daga sakandare aka aurar wa wani attajirin Kantin Kwari, alhali ranta na kan karatu. Babban jigo a nan illar auren dole ne. Kwaɗayin mahaifiyarta, wadda ta kasa ɗauke ido daga akwatunan lefe, ƙaramin jigo ne. Sai a wajen warwarar jigo, wato bayanin jigon dalla-dalla da misalai daga labarin, ɗalibi zai ɗauko yadda amaryar ta ɓoye littafinta a ƙarƙashin katifa, ya kafa hujja da shi.

Abin da ke damuna, har littattafan adabin kasuwar Kano, da suka bunƙasa tun shekarun 1980, ana yi musu kuɗin goro a ce duk jigonsu soyayya, bayan akwai masu yawa da ke magana kan kishi, rabon gado da yawan sakin aure.