McDonald's: Asalinsa da Yaɗuwarsa

McDonald's kamfani ne na Amurka mai gidajen sayar da abincin gaggawa, wato irin abincin da ake miƙa wa mai saye cikin 'yan mintuna, ya ci a nan ko ya tafi da shi. Hedikwatarsa tana Chicago, kuma yana da rassa sama da 40,000 a ƙasashe fiye da 100. Abin da ya fi sayarwa shi ne hamboga, da soyayyen dankalin Turawa, da kaza, da lemo.

Sunan na wasu 'yan'uwa biyu ne, wa da ƙane, Maurice da Richard McDonald, 'yan asalin jihar New Hampshire da suka koma Kalifoniya neman na kansu. A 1940 suka buɗe gidan gasa nama a San Bernardino, inda mai saye zai faka motarsa, ma'aikatan gidan su kai masa abinci har cikin mota. Ciniki ya yi kyau, amma da suka duba littattafansu sai suka ga hamboga ce ke kawo mafi yawan kuɗin. A 1948 suka rufe wurin na wata uku, suka sake shi gaba ɗaya. Suka sallami masu kai abinci mota, suka rage jerin abincin zuwa kala tara, suka bar faranti da cokula suka koma takarda da kofin yarwa. Hamboga ɗaya ta koma santi 15.

Babban sauyin a kicin aka yi shi, kuma a nan ne ya kamata mai son fahimtar kamfanin ya tsaya. Sun rarraba aikin girki ƙanana-ƙanana: wani gasa nama kawai yake yi, wani shafa miya a burodi, wani suyar dankali, wani naɗewa. Ba a jiran oda kafin a ɗora nama a wuta. An shirya komai daidai gwargwado, ta yadda ba sai an ɗauki ƙwararren kuku ba, matashin da aka koya wa aiki ɗaya ya wadatar. Sun kira tsarin Speedee Service System. Baka biyu masu ruwan gwal da suka zama alamar kamfanin sun fara bayyana ne a 1953, a wani reshe a Phoenix.

A 1954 Ray Kroc ya shigo labarin. Shekarunsa 52 a lokacin, sana'arsa tallan injin kaɗa madara da askirim, kuma abin da ya kai shi San Bernardino shi ne jin cewa gida ɗaya yana aiki da injinan nan har takwas. Ya ga layin mutane, ya ga saurin aiki, ya nemi 'yan'uwan su wakilta shi ya riƙa sayar wa wasu lasisin amfani da sunan da tsarin. Ranar 15 ga Afrilu, 1955 ya buɗe nasa reshen a Des Plaines ta jihar Illinois.

Da farko Kroc bai ga riba ba. Yarjejeniyar ta ba shi kashi 1.9 cikin ɗari na cinikin kowane reshe, kuma daga ciki 0.5 na 'yan'uwan ne. Wanda ya fitar da shi daga wannan matsi shi ne Harry Sonneborn, mai kula da harkar kuɗin kamfanin, da shawarar cewa kamfanin ya riƙa saye ko karɓar hayar fili, sannan ya ba masu lasisi haya a kan riba. Dabarar ta yi aiki ta fuska biyu: kuɗin haya na shigowa kowane wata, kuma wanda ya karya ƙa'idar tsafta ko ta girki yana iya rasa wurin. Har yau kusan kashi 95 cikin ɗari na rassan suna hannun masu lasisi, kuma haya na daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin kamfanin. Duk wanda ya ɗauka hamboga kaɗai ce ta gina McDonald's bai duba lissafin ba.

A 1961 Kroc ya sayi kamfanin daga hannun 'yan'uwan a kan dala miliyan 2.7. Rabuwar ba ta yi daɗi ba. Sun riƙe gidan farko na San Bernardino amma ba su da ikon sa masa sunansu, sai suka kira shi Big M, Kroc kuma ya buɗe McDonald's kusa da su har gidan ya durƙushe. Shekaru da dama bayan haka kamfanin ya fi ɗaukaka Kroc a matsayin wanda ya kafa shi, alhali tsarin da aka gina komai a kansa na mutanen nan biyu ne, kuma hakan bai yi musu adalci ba. A 1961 ɗin aka buɗe makarantar horar da manajoji mai suna Hamburger University, a 1965 kuma aka fara sayar da hannun jarin kamfanin ga jama'a.

Wasu fitattun abincin gidan masu lasisi ne suka ƙirƙiro su, ba hedikwata ba. Lou Groen na Cincinnati ya fito da Filet-O-Fish, burodi mai soyayyen kifi a ciki, a 1962 saboda maƙwabtansa mabiya ɗarikar Katolika ba sa cin nama ranar Juma'a. Jim Delligatti na yankin Pittsburgh ya fito da Big Mac, hamboga mai nama hawa biyu, a 1967.

A 1967 ne kamfanin ya tsallaka zuwa Kanada, sai Japan a 1971. Ranar 31 ga Janairu, 1990 ya buɗe a dandalin Pushkin na Mosko, inda kimanin mutum 30,000 suka ci abinci a ranar farko. A 2022, bayan mamayar Yukren, ya sayar da rassansa na Rasha ya fice. A Indiya, inda ya shiga a 1996, ba ya sayar da naman shanu ko na alade.

Kamfanin ya kuma sha suka: kan kitse, gishiri da sukari a abincinsa, kan tallan da ake yi wa yara, da kuma ƙarancin albashi. Ma'aikatansa na cikin waɗanda suka fara yajin aiki a New York a 2012 suna neman dala 15 a kowace awa.