Gidan kansul a Ingila: wa'adin kai kuka da ranar da yake fara ƙirguwa

A Ingila, mai neman gidan haya mai rangwame daga ƙaramar hukuma, wanda mutanenmu a can ke kira gidan kansul, yana iya shafe shekaru a layi. Amma in aka cuce shi wajen rabo, lokacin da aka ba shi na kai kuka kaɗan ne.

Mafi gajarta shi ne kwana 21. Dokar Gidaje ta 1996 ta ba mutum damar neman kansul ta sake duba hukuncinta. Wanda ya rasa matsuguni, dokar ce da kanta ta yanke masa kwana 21 daga ranar da aka sanar da shi. In sake dubawar ba ta yi masa daɗi ba, yana da wasu kwana 21 na zuwa kotu, in dai kuskuren doka ne. Masu jiran rabo kuwa, kowace kansul ke tsayar da nata wa'adin, galibi shi ma kwana 21. Sau da yawa a ƙarshen wasiƙa ake rubuta shi. Uwa ta karanta layin farko, ta ga an ƙi ɗaga matsayinta a layi alhali ita da yara huɗu suna ɗaki ɗaya, ranta ya ɓaci, ta ninke takardar ta tura cikin jaka. Kafin ta samu mai karanta mata sauran, mako uku ya wuce.

Sai ofishin Ombudsman na ƙananan hukumomi, wanda ke binciken kansul kyauta. Dokar Ƙananan Hukumomi ta 1974 ta ba da wata 12 na kai masa kuka, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe, domin ƙirgen yana farawa daga ranar da ka fara sanin matsalar, ba ranar da kansul ta ba ka amsar ƙarshe ba. Dole ka fara kai kukan ga kansul ɗin, ka ba ta lokacin da za ta amsa. Duk wannan jiran daga cikin shekararka yake fita. Saboda haka in ta yi shiru, kada ka yi ta haƙuri kana aika tuni; wuce gaba.

Ana karɓar wanda ya makara in yana da ƙwaƙƙwaran dalili, kamar doguwar jinya, amma ganin dama ne na ofishin. A ganina kwana 21 ya yi kaɗan ga wanda Turanci bai zauna masa ba, ga shi yana fama da wurin kwana.

Wanda zai ƙalubalanci tsarin rabon a babbar kotu, wata uku gare shi, kuma ana so ya hanzarta. Wanda ya riga ya samu gida yana kukan yoyo ko gyara, wani ofishin Ombudsman ne daban, na gidaje, ke sauraronsa. Sikotilan da Wales suna da nasu ofisoshin.

Ranar da wasiƙa ta iso, rubuta kwanan wata a jikin ambulan, ka karanta ta har shafin ƙarshe. Neman sake dubawa kuma ka yi shi a rubuce, ka ajiye kwafi.