Kulob na da mai kuɗi amma ba a sayo kowa ba: dokar da ke ɗaure musu hannu

Duk daren da za a rufe kasuwar 'yan wasa in ka leƙa gidan kallon da muke zama nan Badariya cikin Birnin Kebbi sai ka ɗauka zaman makoki ake, kowa ya duƙufa kan waya yana jiran a ce an kawo wane, har lokaci ya cika ba a kawo ko mai tsaron gida na uku ba, daga nan kuma sai zagi ya tashi. Ɗan Man U na tsine ma iyalan Glazer masu kulob ɗin, ɗan Barca ya haɗa Laporta shugaban kulob ɗinsu da Tebas shugaban Laliga, gasar Sifaniya, duka yana wanke su, ɗan Arsenal dai shi ko an saya ko ba a saya ba sai ya yi ƙorafi. A irin wannan daren ne wani ƙanena, ɗan Barca irin wanda in an ci su ko tuwo bai iya ci, ya ce mani "Yaya, don Allah mi ya hana su ciwo bashi su sawo muna ɗan wasa guda? Ai ba yau suka fara cin bashi ba." Na ce mashi zauna, tambayar taka ta fi zagin da kuke yi amfani.

Abin da ke rikita mutane shi ne mun haɗa abu uku mun sa musu suna ɗaya, wai bashi. Akwai bashin da kulob ya ciwo a banki yana biya a kan lokaci, akwai asara wato abin da ya kashe a shekara ya fi abin da ya shigo, sannan akwai haƙƙin wani da lokacin biyansa ya wuce ba a biya ba, kamar albashin ɗan wasa ko cikon kuɗin wani kulob. Doka ba ta kallon su da ido ɗaya. Na farkon ma kusan ba ruwanta da shi. Tottenham sun gina filin da ya ci kusan fam biliyan ɗaya, aka buɗe shi a 2019, bashin yana wuyansu har yau amma ba wanda ya taɓa cire musu maki a kan haka, don suna biya kuma filin na kawo kuɗi.

A Ingila, lokacin da aka hukunta Everton, asara ake bi. Dokar da ta ci Everton cewa ta yi kada kulob ya yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku a jere, kuma ko a cikin 105 ɗin nan miliyan 15 kawai aka yarda kulob ya ɗauka da kansa, sauran 90 sai mai kulob ya zuba daga aljihunsa ya cike. Kuɗin da aka kashe wajen gina fili, da renon yara a akademi, da ƙwallon mata, ana cire su daga lissafin. Everton sun wuce layi da fam miliyan 19.5, a Nuwamban 2023 aka zabge musu maki 10, suka ɗaukaka ƙara aka mai da shi 6, daga baya aka ƙara cire musu 2 a kan wani lissafin. Nottingham Forest kuma maki 4 a Maris 2024, su nasu layin ma bai kai 105 ba, miliyan 61 ne, saboda shekara biyu daga cikin ukun suna ƙaramar gasa. Na san abin da za ku ce, to Man City fa? An tuhume su a Fabrairun 2023 da laifi 115, amma nasu zargin ɓoye gaskiyar lissafi ne kuma sun musanta, wannan shari'a ce mai lauyoyi, Everton kuwa lissafinsu da suka miƙa da hannunsu ne ya kama su. Ban ce hakan ya yi mani daɗi ba.

To ga amsar masu cewa "mai kulob ɗinmu na da kuɗi". Newcastle tun Oktoban 2021 asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ke da mafi yawan hannun jarinta, kuɗi kam ba a magana, amma a ƙarshen Yunin 2024 sai ga su suna gaggawar sayar da Elliot Anderson ga Forest da Yankuba Minteh ga Brighton don lissafi ya daidaita kafin 30 ga wata. Alhaji na iya samun rumbu goma, doka ta ce abin da shagon ya ciyo da kansa za a duba, sai ɗan abin da aka yarda ya ƙara.

Yanzu ga wurin da nike so ku natsu, don in kun gane nan rabin haushinku zai sauka, ko kuma ya ƙaru, ya danganta da kulob ɗinku. In aka ce an sayi ɗan wasa fam miliyan 100, a takardar akanta ba a rubuta 100 a wannan shekarar, ana raba kuɗin ne a kan shekarun kwantiraginsa. Kamar mai noman shinkafa a fadamar Argungu ne ya sayi injin ban ruwa naira dubu 500 da niyyar ya yi mashi rani biyar, in zai yi lissafin ribar bana ai dubu 100 zai ɗora ma bana, sauran na shekarun gaba. Haka ɗan wasan miliyan 100 mai kwantiragin shekara biyar, miliyan 20 ke hawa kan lissafi duk shekara, ban da albashinsa. Bayan shekara biyu darajarsa a takarda saura 60. In aka sayar da shi 70 an ci ribar 10 a takarda, ko da mu muna kallo muna cewa an yi asarar 30. In kuma ƙafarsa ta mutu ba mai taya shi sama da 40, sayar da shi na nufin rubuta asarar miliyan 20 nan take a shekara guda, shi ya sa za ka ga ɗan wasan da kowa ya gaji da shi yana nan zaune kan benci yana cin albashi, ko a yi ta tura shi aro daga wannan ƙasa zuwa waccan, kuna ta ihu a kore shi, shugabanni kuwa sun san korarsa ta fi zamansa tsada.

Chelsea su suka gane wannan lissafin suka yi mashi hawan ƙawara. A Janairun 2023 suka ba Mudryk da Enzo Fernandez kwantiragin shekara takwas da rabi kowane, Enzo kuɗinsa ya haura fam miliyan 106, ka raba wannan gida takwas da rabi ka ga yadda ya koma ɗan kaɗan a shekara. UEFA, hukumar ƙwallon Turai, ta ga abin ya yi yawa, a tsakiyar 2023 ta ce ko shekara goma ka rubuta ma yaro, rabon kuɗin ba zai wuce shekara biyar ba, Firimiya ma ta bi sahu a Disambar shekarar. Su Chelsea ɗin nan har otal biyu da ke jikin filinsu suka sayar ma wani kamfani na masu kulob ɗin a kan fam miliyan 76.5 aka rubuta a matsayin kuɗin shiga, wato ka ciro daga aljihun dama ka sa a na hagu ka ce ka yi ciniki.

Wanda ya fi ci mani rai shi ne na yaran gida. Yaron da ya taso a akademi ba a saye shi ba, don haka darajarsa a takarda sifili ce, duk abin da aka sayar da shi riba ce tsantsa a wannan shekarar. Ragon da aka haifa a garkenka da wanda ka sawo a kasuwa ka yi kiwo, in ka kai su kara ai ka san wanda kuɗinsa ke shiga aljihu duka. Dalilin da ya sa ke nan Mason Mount ya bar Chelsea a 2023, Conor Gallagher ya bi a 2024, McTominay ya bar Man U ya tafi Napoli har ya ci kofi can aka zaɓe shi gwarzon gasar. Dokar da aka kafa don kare kulob ita ce ta mai da ɗan gida abin da ake fara kaiwa kasuwa in an matsu, a nan kam ina tare da masu zagi.

Sifaniya tsarinsu daban ne, kuma shi ne ya shafi ƙanen nawa. Ingila sai ka kashe sannan a zo a bincika a hukunta ka, Laliga kuwa tun kafin ka kashe take tare ka. Kafin kaka ta fara za su duba kuɗin da kulob zai samu, su cire hidimomin da ba na 'yan wasa ba da bashin da zai biya, abin da ya rage shi ne iyakar abin da zai kashe kan 'yan wasa da koci. In ka wuce iyakar, ka sayo duk wanda kake so da kuɗinka, amma ba za a yi mashi rajista ba, ba rajista kuwa ba wasa. Kulob mai lafiya in ya rage yuro ɗaya zai iya kashe yuro ɗaya, wannan ne ɗaya-da-ɗayan da kuke ji ana faɗa, wanda ya wuce iyaka kuwa wani kaso kawai na abin da ya rage ake bari ya kashe. Kuma kuɗin rance ba kuɗin shiga ba ne, bai ɗaga iyakar, biyansa ma rage ta yake yi. Ka ji amsarka ƙanena.

A nan Messi ya bar Barca a Agustan 2021, bayan ya yarda a raba albashinsa biyu, duk da haka lissafi ya ƙi. A watan ne Laporta ya fito ya ce bashin Barca ya kai yuro biliyan 1.35. Tebas bai ci musu wannan bashin ba. An ba su yuro miliyan 222 na Neymar a 2017, zamanin Bartomeu, shugaban Barca na lokacin, aka watsa su kan Dembele da Coutinho, aka ƙara da Griezmann miliyan 120 a 2019, ga albashi kamar ba gobe, korona ta zo ta rufe fili ta tona asiri. A 2022 Laporta ya sayar da kashi 25 cikin 100 na kuɗin talabijin ɗinsu na Laliga har na shekara 25 ga wani kamfanin Amurka mai suna Sixth Street, da irin wannan kuɗin aka kawo su Lewandowski da Raphinha. Wannan a wurinmu sayar da shinkafa tun tana gona ake ce mashi, ka ci kuɗin yau, kaka ta zo wani ya zo da buhunansa. Shi ya sa har Janairun 2025 ana ta jan rajistar Dani Olmo sai da hukumar wasanni ta gwamnatin Sifaniya ta sa baki.

'Yan Man U naku ciwon wani iri ne. A 2005 iyalan Glazer suka sayi kulob ɗin kusan fam miliyan 790, mafi yawan kuɗin rance ne, suka juya suka ɗora rancen a kan kulob ɗin da a da ba a bin shi, kamar mutum ya sayi gidanka da bashi sannan ya ce gidan ne zai biya. A lokacin ba dokar da ta hana, sai a 2023 Firimiya ta sa iyaka kan irin wannan sayen, bayan aikin gama ya gama. Kuma kuɗin ruwan da ake biya duk shekara yana shiga lissafin asara, to ta nan bashin ke cin kuɗin ɗan wasan da kuke jira.

Mai buga gasar Turai yana da ƙarin wata igiyar. Tun 2022 UEFA ta kawo doka cewa albashi da kuɗin sayen 'yan wasa da na dillalai kada su wuce wani kaso na kuɗin shiga, aka fara da kashi 90, aka sauko 80, daga kakar 2025/26 kashi 70.

Saura na ukun, haƙƙin da aka danne, wannan na FIFA ne kuma shi ya fi kusa da mu, don yaranmu da ke zuwa gwaji Kano ko Legas ko ƙetare shi ke cin su. In kulob ya riƙe ma ɗan wasa albashin wata biyu, yaron na da damar ya rubuta musu takarda ya ba su kwana 15, in ba su biya ba ya ajiye kwantiragin ya tafi ba laifi a kansa, amma fa sai da takardar, faɗa da baki ko fushi ka bar sansani ba ya tsaya maka. In kuma FIFA ta yanke hukunci ta ce a biya, kulob na da kwana 45, in ya wuce sai a hana shi rajistar sabon ɗan wasa har kasuwa uku a jere, ranar da ya biya a ɗage. Duk mai ƙane ko ɗa da ke buga ƙwallo ya ce mashi ya riƙe kwafin kwantiraginsa da kyau.

Da na kai nan ƙanen nawa ya yi shiru can ya ce "To Yaya wa za mu zaga ke nan?" Na ce mashi mambobin Barca masu kati su ke zaɓen shugabansu, su suka tara sa hannu har Bartomeu ya sauka a Oktoban 2020, kuma su ɗin dai suka zaɓe shi a 2015 lokacin ana cin kofuna ba wanda ya tambayi lissafi. Ya ce shi ina ruwansa da kati, naira ɗari biyun da yake biya a bakin ƙofa duk wasa ita ce katinsa. Mai gidan kallo na jin mu ya ɗago ya ce ai ko ita ta sati biyu yana bin shi.