Bas ta hannu ta fara ciwo tun a farko: a riƙe ta ko a mayar wa dillali?

A ɗauka wani direba a Gusau ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya haɗa da na shanun da ya sayar, ya sayi bas ƙirar Toyota Hiace ta hannu a wajen dillalin motoci da niyyar jigilar fasinja tsakanin Gusau da Sakkwato. Kwana tara da ciniki, bai kai Talata Mafara ba allurar zafi ta haye, dole ya sauka gefen titi. Bakaniken da aka kira ya buɗe murfin baƙin mai, ya lakato da yatsa, sai ga shi ya yi kauri da fari kamar kunun gyaɗa. Ya ce, "Maigida, ruwa na shiga inji, kuma wannan ba aikin jiya ba ne, dubi gam ɗin da aka shafa a nan." Direba ya kira dillali, amsar da ya samu ita ce wadda kowa ya sani: "Ai ka gwada ta da hannunka, kuma an rubuta a rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa."

Mutumin da ya sami kansa a wannan hali a Zamfara yana da madogara biyu, dokar tarayya da kuma fiƙihun Malikiyya wanda kotunan Shari'a na jihar suke hukunci da shi a tsakanin Musulmi. Dukansu sun ba shi damar mayar da motar, amma dukansu sun ɗaure damar da lokaci da kuma abin da shi kansa ya aikata bayan ya ga aibin. A nan ne yawancin masu saye suke yin asara, domin suna ɓata makonni suna lallaɓa motar a hanya da fatan za ta daidaita.

Dokar tarayyar ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, kuma ita ce ta kafa hukumar FCCPC, wato hukumar tarayya mai kula da gasa da kare masu sayayya, a madadin tsohuwar majalisar kare masu sayayya. Sashe na 131 ya ce mai saye yana da haƙƙin karɓar kaya masu inganci, masu aiki yadda ya kamata, marasa aibi, waɗanda suka dace da abin da aka saba yi da su, kuma za su yi ƙarko na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ɗora a kai: idan kayan suka gaza cika waɗannan sharuɗɗa, mai saye yana iya mayar da su cikin wata uku daga ranar da aka damƙa masa, ba tare da tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana kan mai sayarwa. Shi kuma wajibi ne ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. A lura cewa dokar ta jera hanyoyi uku ne, saboda haka kada mai saye ya ɗauka cewa kuɗinsa kaɗai za a iya miƙa masa. Dillalin da ya ɗauki nauyin sauya inji da aljihunsa, aka kuma yi aikin da kyau, yana da hujjar cewa ya sauke abin da ke kansa.

Rubutun nan na jikin rasit kuwa, ba shi da ƙarfin da dillalai suke ba shi. Dokar ta hana ɗan kasuwa gindaya sharaɗin da zai tube wa mai saye haƙƙin da ita ta ba shi, don haka layi ɗaya a ƙasan takarda ba ya shafe wata ukun. Haka kuma, idan aka yi ƙorafin cewa kaya na da aibi, dokar ta ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya sayar. Sai dai akwai iyaka da ya kamata a sani tun da wuri. Dokar tana magana ne a kan mai sana'ar saye da sayarwa, irin dillalin da ke da filin ajiye motoci da allon suna a bakin titi. Wanda ya sayi bas a hannun maƙwabcinsa da ya gaji da ita ya sayar sau ɗaya, zai yi wuya ya jingina da waɗannan sassa, sai dai ya koma ga sharuɗɗan cinikinsu da kuma fiƙihu.

Tambayar da ta fi kowace wuya ita ce mene ne aibi a motar da ta riga ta ci shekara goma sha biyar a hanya. Babu alƙalin da zai auna ta da sabuwa. Taya da ta suɗe, batir da ya yi sanyi, birki da ke neman sabon takalmi, kuloci da ya fara santsi, kujera da ta yage, duk waɗannan tsufa ne, kuma da su aka yi wa motar kuɗi. Wanda ya kai ƙara a kansu zai ɓata lokacinsa da na kotu. Aibin da ake mayar da mota saboda shi shi ne wanda ya cika siffofi uku: ya riga ciniki, ba ya bayyana ga mai duba na yau da kullum, kuma yana rage darajar motar ko ya hana ta aikin da aka saye ta dominsa. Kan inji da ya tsage aka toshe da gam, giyabos da aka cika da mai mai kauri don ya ɓoye ƙara, ƙashin mota da ya karye a hatsari aka yi masa walda aka bi da fenti, su ne irin wannan. A ra'ayina, duk aibin da aka ga alamar hannun mutum wajen rufe shi ya wuce maganar tsufa, ya shiga babin algus.

Fiƙihu ya daɗe da warware wannan, tun zamanin da abin hawa doki ne da raƙumi. Asalinsa hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma a kansa malamai suka gina zaɓin da ake ba mai saye saboda aibi. Hukuncin da ɗaliban Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, suka sani shi ne, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi a cikinsa yana da zaɓi biyu: ya riƙe a kan kuɗin da ya biya ba tare da an rage masa komai ba, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa cif. Wannan yana ba mutane mamaki, domin abin da yawanci suke so shi ne su riƙe motar a kuma rage musu wani abu. Ragi yana halatta idan ɓangarorin biyu suka yarda da sulhu, amma muddin motar tana nan yadda aka sayar da ita, mai saye ba zai tilasta shi ba.

Hukuncin yana sauyawa idan wani sabon aibi mai nauyi ya same ta a hannun mai saye, misali ya buga ta da gini kafin a gano tsagewar injin. A nan yana da zaɓi ko dai ya mayar da ita tare da biyan abin da sabon aibin ya rage, ko ya riƙe ta a biya shi gwargwadon tsohon aibin. Yadda ake lissafin kuwa shi ne, masana mota su yi mata kuɗi tana lafiya, su sake yi mata da aibin. A ce an saye ta naira miliyan 9, masana suka ce lafiyayya ta kai miliyan 10, mai aibi kuma miliyan 8. Aibin ya ci kashi ɗaya cikin biyar ke nan, sai a mayar masa da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da ya biya, wato miliyan 1 da dubu 800.

Kuɗin lodin da direban ya samu a kwana taran farko nasa ne, ko da ya mayar da motar, domin ƙa'idar ita ce amfanin abu yana bin wanda asararsa take kansa; da ta ƙone a waɗannan kwanaki, shi ta ƙone wa. Dillali ba shi da ikon cewa a cire masa kuɗin haya daga abin da zai mayar.

Abin da ke kashe haƙƙin mai saye a fiƙihu shi ne duk wani aiki da ke nuna ya yarda da aibin bayan ya san da shi. Malaman Malikiyya sun ba da misali da wanda ya ci gaba da hawan dabba ko sa ta aiki bayan ya ga aibinta, suka kuma yi rangwame ga matafiyin da larura ta tilasta masa hawa har ya iso gida. Idan aka auna da bas ɗinmu, lallaɓo ta daga Talata Mafara zuwa Gusau larura ce. Amma wayewar gari a shiga layi a tasha, a yi lodin Funtuwa, a yi ta ƙara ruwa a lagireto har mako uku, wannan dillali zai kawo shi gaban alƙali a matsayin yarda, kuma yana da gaskiya. Haka sa ta a kasuwa, haka yin shiru mai tsawo ba tare da uzuri ba. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne barin bakanike ya sauke inji ya wargaza shi kafin mai sayarwa ya zo ya gani, domin a fiƙihu idan aka yi jayayya a kan tsufan aibi, maganar mai sayarwa ake ɗauka sai in masana sun shaida cewa aibin ya riga ciniki, kuma injin da aka riga aka zube a ƙasa yana wahalar da wannan shaida.

Saboda haka matakin farko ga wanda yake tunanin mayarwa shi ne ya ajiye motar. Ya ɗauki hoto da bidiyon abin da aka gani, ya sanar da dillali a ranar, da baki a gaban shaidun ciniki da kuma a rubuce ko da ta saƙon WhatsApp ne, ya nemi a kawo bakanike na biyu wanda ɓangarorin biyu suka aminta da shi. Rasit, takardar yarjejeniya da shaidar tura kuɗi ta banki su kasance a hannu. Idan dillali ya ƙi, shugabannin 'yan kasuwar motoci sukan sasanta irin wannan cikin kwanaki, kuma sau da yawa ya fi sauri. In hakan bai yiwu ba, yana iya shigar da ƙorafi a hukumar FCCPC, wadda ke karɓar koke ta intanet, ko ya tafi kotu, amma ya riƙa ƙirga wata ukun daga ranar da ya karɓi makulli, domin zaman sulhu ba ya tsayar da kwanaki.

Akwai kuma lokacin da riƙewa ta fi. Idan ƙashin motar da giyabos lafiya suke, takardun kwastan sun cika, lambar jikinta ta yi daidai da ta takarda, matsalar kuma ta tsaya a abin da bakanike zai gama cikin kwana biyu, to karɓar kuɗin gyara ta hanyar sulhu ya fi komawa kasuwa neman wata bas da ba a san nata ciwon ba, musamman da yake kuɗin da aka mayar wa mutum ba lallai ne ya sake saya masa irinta ba. Wanda ya zaɓi haka ya sa a rubuta sulhun: wane aibi aka gani, nawa dillali ya biya, kuma yardar ta tsaya a kan wannan aibin kaɗai, ba ta shafi wani tsohon da zai iya bayyana daga baya ba. Amma idan ciwon yana cikin inji ko ƙashi, ko takardun suka zo da shakka, ni ban ga dalilin riƙewa ba, domin bas ta haya da ke kwana a gareji cin kuɗi take yi ta fuska biyu, ga na gyara ga na lodin da ya wuce.

Ga wanda bai riga ya biya ba, fiƙihu ya buɗe wata ƙofa da ba a cika amfani da ita ba a cinikin mota, wato sharaɗin zaɓi na 'yan kwanaki, wanda malamai suka ƙaddara da kamar kwana uku ga dabbar hawa. Mai saye yana iya cewa a gaban shaidu, "Alhaji, na saya a kan ina da zaɓi zuwa jibi da la'asar," a rubuta hakan a takarda, sa'annan ya kai ta wajen bakanikensa, a hau da ita hanyar Ƙauran Namoda da rana tsaka har inji ya yi zafi sosai, a dawo a sake buɗe murfin baƙin mai a duba.