Foliya: wai mene ne, kuma me yake yi wa gonar adas?

Bana ko'ina ka juya sai ka ji foliya. A rediyo ana tallarsa, wasu ma har cewa suke yi kwalba ɗaya ta isa ta maye gurbin buhun taki. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Asalin kalmar daga Latin ne, inda "folium" ke nufin ganye. Ke nan foliya ba sunan wani sinadari ba ne, hanya ce: a narka abincin shuka a ruwa, a fesa a ganye maimakon a zuba a ƙasa saiwa ta sha. Ko yuriya ka narka ka fesa, foliya ka yi. Kuma ba maganin ƙwari ba ne, ko da yake da famfo ɗaya ake fesa su. Ba sabon abu ba ne ma. Tun shekarun 1840 wani Bafaranshe, Eusèbe Gris, ya shafa ruwan sinadarin ƙarfe a ganyen da ya yi ɗorawa, ganyen ya koma kore.

Mu ɗauki adas, ɗan waken nan mai faɗi da ake nomawa sosai a Kanada da Indiya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa furotin ne, shi kuwa furotin da sinadarin naitirojin ake gina shi, wato tan ɗaya na ɗauke da naitirojin wajen kilo 40. To, a ce hekta ɗaya ta ba ka tan ɗaya, kuma ka narka kilo 2 na yuriya a kowace lita 100, ka fesa lita 500 a hekta. Yuriya kilo 10 ke nan, naitirojin ɗin cikinta bai kai kilo 5 ba. Ina 5 ina 40? Mafi yawan sauran daga saiwa yake fitowa, domin adas na da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa inda bakteriya ke kamo naitirojin daga iska. Tuge ɗaya ka fasa ƙullin da farce: in cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Amma idan shuka ta fara cika kwanso, aikin ƙullin yakan ja baya, kuma a daidai wannan gaɓa ce ɗan feshin yuriya ke da rana. Ciko ne, ba tuwon ba ne.

Inda nake ganin foliya ya ci sunansa shi ne ƙananan sinadarai, wato waɗanda shuka ke buƙata kaɗan-kaɗan. Zink da ke cikin tan guda na adas giram 'yan gomiya ne kawai, abin da ganye zai iya sha ba wahala. A ƙasa mai kanwa-kanwa, zink da ƙarfe suna nan amma a ɗaure, saiwa ba ta iya jan su, sai ka ga sabon toho ya yi fari-fari. Feshin zink salfet, kamar rabin kilo a lita 100, lokacin fure da cikar kwanso, yana iya ƙara zink a cikin ƙwayar kanta, wadda ita ce yaro zai ci. Abin takaici, masu talla ba su cika ambatar wannan ba, sai dai "ninka amfani".

Wanda ya yi zaton yawan haɗi shi ne yawan amfani, ya cika hannu ya fesa da tsakar rana, bayan kwana biyu zai tarar da gefen ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Da sassafe ko da la'asar sakaliya ake yi, lokacin da ruwan zai daɗe a ganye kafin ya bushe.